Tambaya da Amsa: Ƙarar Firintar Ƙera Abubuwa da Barcin Maƙwabta

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duka daga Saudiyya suka zo, kuma duka a kan abu ɗaya suke magana, wato ƙara da jijjigar ƙaramar firintar nan ta kan tebur wadda ke narka zaren roba tana jera shi hawa-hawa har ya zama abin da aka zana a kwamfuta. Mun taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a hawa na uku na wani gidan bene a unguwar Hindawiyya da ke Jidda. Na sayi firintar ne domin in riƙa ƙera 'yan kayayyaki irin su mazaunin waya da maratayin makulli da murafen na'urorin da suka karye, ina sayarwa. Da yake aiki ɗaya yakan ɗauki awanni masu yawa, nakan bar ta tana aiki da dare. Sai ga shi dattijon da ke zaune a ƙarƙashinmu ya aiko mai gadin gida ya shaida mini cewa wani gurnani yana hana shi barci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni da nake kwana a ɗakin da ke kusa da ita, idan na rufe ƙofa ba na jin komai sai 'yar ƙarar fanka. A kan wani tebur marar nauyi take, wanda ke jingine da bango. Shin in sayi akwatin da ake rufe ta a ciki ne? Daga wani mai karatu a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sayen akwati, domin ko ka saye shi dattijon zai ci gaba da jin abin da yake ji, kai kuma ka yi asarar riyalolinka a banza. Shi gaskiya ya faɗa, kai ma gaskiya ka faɗa, sai dai ƙarar da ke isa kunnenka da wadda ke isa nasa ba hanya ɗaya suke bi ba. Taka ta iska take zuwa, shi ya sa rufe ƙofa yake kashe ta. Tasa kuwa jikin gini take bi: tana sauka daga ƙafafun firinta zuwa tebur, daga tebur zuwa tayil da bangon da ya jingina da shi, sannan ta shiga siminti da rodin da suka raba hawanka da nasa, har rufin ɗakinsa ya riƙa wata rawa da ido ba ya gani amma kunne yana ji. Siminti yana kai irin wannan jijjiga nesa ba tare da ƙarfinta ya ragu sosai ba, kuma da tsakar dare, bayan ƙafa ta ɗauke a titi, gurnanin da ba a lura da shi da rana yakan cika ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999 game da hayaniya a wuraren zama, ta ba da shawarar kada ƙara mai ɗorewa a ɗakin kwana ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali hirar mutum biyu ta yau da kullum takan kai wajen 60. Ka ga ke nan abu kaɗan ya isa ya hana tsoho runtsawa.

Teburin da ka ambata shi ne ummul-haba'isin matsalar. Ka dubi goge: tsirkiya ita kaɗai ba ta da wani amo na a zo a gani, ƙwaryar da aka rufe da fata ita ce ke ɗaukar rawarta ta watsa wa jama'a. Haka tebur marar nauyi yake yi wa firinta, musamman irin na zamani da ake yi da siririn katako sama da ƙasa alhali cikinsa fanko ne. A galibin firintocin gida masu araha, farantin da ake ƙera abu a kansa shi ne ke kaiwa da komowa gaba da baya, kan da ke fitar da narkakkiyar roba kuma yana zirga-zirga hagu da dama. Duk lokacin da faranti ya tsaya cak ya juya, sai ya tunkuɗi firam, firam ya tunkuɗi tebur, kuma idan tana cike cikin wani ƙaramin abu hakan yakan faru sau da yawa a cikin sakan guda.

Kafin ka sayi komai, ka yi wannan gwaji. Tana tsakiyar aiki, ka ɗora tafin hannunka a kan tebur, sannan a jikin bango, sannan ka durƙusa ka taɓa tayil kusa da ƙafar tebur, za ka ji inda rawar take bi. Bayan haka ka kama firam ɗin ta ƙasa da hannu biyu, nesa da faranti mai zafi da inda bel yake gudu, ka ɗaga ta daga kan tebur kamar faɗin yatsa biyu na 'yan sakanni. Gurnanin da ya ɓace a wannan lokacin shi ne rabon maƙwabcinka, wanda ya saura kuma shi ne naka.

Maganin da na fi amincewa da shi, kuma shi ne mafi araha, shi ne a haɗa nauyi da laushi, a kuma jera su yadda ya kamata. Ka samo falan siminti irin wanda ake shimfiɗawa a gefen titi da farfajiyar gida, ko guntun dutsen mabul ko na giranit daga wajen masu yankan dutsen kicin, waɗanda ba sa rasa ragowar da ba su da buƙata. Ka fara auna tazarar ƙafafun firintarka domin dutsen ya ɗauke su duka. Falan siminti mai santimita 40 a kowane gefe da kaurin santimita 4 yakan kai kilo 15, wato kusan ninki biyu na nauyin ƙaramar firinta, wadda ba ta cika wuce kilo 7 ko 8 ba. Firinta ta zauna kai tsaye a kan dutsen da ƙafafunta na asali, soso mai kauri kuma ya shiga tsakanin dutse da tebur. Tunkuɗar da take iya girgiza kilo 8 ba za ta iya yi wa kilo 23 haka ba, ɗan abin da ya saura kuma soso ya tare shi kafin ya sauka. Mutane da yawa suna tsallake dutsen su ɗora firinta a kan soso kai tsaye. Tebur yakan yi shiru, amma ita na'urar sai ta riƙa tangaɗi, kuma siririn abu mai tsawo yana iya ɓantarewa daga faranti kafin a gama shi.

Zaɓen soson ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Duk shimfiɗar da aka ɗora wa nauyi tana da saurin rawa na kanta, wanda ya danganta da yadda ta lotsa. Wadda ta lotsa milimita 1 kacal tana rawa kusan sau 16 a sakan, wadda ta lotsa santimita 1 kuwa kusan sau 5, kuma shimfiɗa ba ta fara tare jijjiga sai wadda saurinta ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na nata. Gwargwadon yadda tazarar ta ƙaru, gwargwadon yadda take tarewa. Jijjigar firinta da ke damun maƙwabta galibi ta haura sau 30 a sakan, saboda haka abin da kake nema shi ne soson da zai lotsa rabin santimita zuwa santimita ɗaya idan dutse da firinta sun hau kansa, ya kuma saura da sauran laushi. Tabarmar roba mai tauri wadda ba ta lotsawa ko kaɗan amfaninta ƙalilan ne, kuma soson da ya baje gaba ɗaya ya daina aiki, sai a ƙara masa kauri ko a sauya shi da wanda ya fi shi ƙwari.

Bayan haka sai ka toshe sauran hanyoyin da jijjiga take satar bi. Ka janye tebur daga bango ko da faɗin tafin hannu ne. Ka tabbata wayar wuta tana da sassauci, ba ta miƙe tsakanin firinta da soket ba. Idan ƙullin zaren roba yana rataye a saman firam, ka sauke shi ka yi masa mazauni a gefe, domin sabon ƙulli kilo ɗaya ne, kuma nauyi a can sama yana ƙara wa firam lilo. A manhajar da kake shirya aiki da ita kuma, ko Cura ce ko PrusaSlicer ko OrcaSlicer, akwai wurin da ake saita yadda na'ura take ɗaukar gudu da yadda take taka birki. Ƙarfin tunkuɗa yana tafiya ne daidai da wannan adadi, idan ka rage shi da rabi tunkuɗar ma ta ragu da rabi, kodayake aikin zai ɗan ƙara tsawo.

Idan ka gama, ka sauka ka yi wa dattijon sallama bayan sallar isha'i, ka ba shi haƙuri, ka tambaye shi ɗakin da yake kwana domin kada firinta ta zauna a samansa, sannan ka nemi izininsa ka tsaya a ɗakin, wani a gidanka ya kunna ta ya kuma tsayar da ita bisa umarninka ta waya. Kunnenka a ɗakinsa ya fi kowace manhajar auna ƙara ta waya, domin makirufon waya ba ya kama gurnani mai kauri yadda ya kamata. A ganina kuma, har zuwa ranar da shi da kansa zai ce ya daina ji, kada ta yi aiki da dare ko lokacin ƙailula, ko da hakan zai sa ka jinkirta wa masu saye kayansu.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Madina, kuma mu uku muke zaune a ɗaki ɗaya. Na sayi tsohuwar firinta a hannun wani da ya kammala karatu zai koma gida. Aikinta yana da kyau, amma tana wani irin kuka mai siririn amo da ke hawa yana sauka kamar tana waƙa, har abokan zamana sun ce ba sa iya bitar karatu idan tana aiki. Na sa mata soso a ƙasa, bai rage komai ba. Ko wani abu ne ya lalace a cikinta? Daga wani ɗalibi a Madina.

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai albarka. Wannan kuka ba alamar lalacewa ba ne, haka aka ƙera tsofaffin, kuma soso ba zai taɓa shi ba domin ta iska yake fitowa daga jikin injuna da firam. Ka fara tabbatar da haka da kanka. Ka kunna ta ba tare da ka ba ta aiki ba, abin da za ka ji fanka ne kawai. Sannan ka shiga jerin zaɓin da ke fuskarta ka umarci kan firinta ya matsa hagu, faranti ya matsa gaba, ɗaya bayan ɗaya. Idan kukan yana tashi da motsi yana mutuwa da tsayawa, to daga injunan yake.

Abin da ke motsa sassan firinta ƙananan injunan lantarki ne, galibi guda huɗu, waɗanda ba sa juyawa ɗoɗar irin na fanka, taki-taki suke tafiya. Wanda aka fi amfani da shi, mai girman da ake kira NEMA 17, yana yin taki 200 kafin ya kammala zagaye ɗaya, wato digiri 1.8 a kowane taki. A kan allon lantarki kuma kowane inji yana da ɗan guntun da ke tuƙa shi, wanda ake ce wa direba, shi ne ke yanka wuta yana ba injin daidai takin da ake so. Tsohon direban da ya fi yaɗuwa, A4988 na kamfanin Allegro, yana raba kowane taki gida 16. Idan fulin da ke kan injin, wato 'yar tayar da ke jan bel, yana da haƙora 20, bel ɗin kuma irin GT2 ne mai tazarar milimita 2 tsakanin haƙora, zagaye ɗaya zai ja milimita 40, ke nan ƙananan taki 80 a kowace milimita. To idan kan firinta yana tafiyar milimita 50 a sakan, injin yana karɓar bugu 4,000 a kowane sakan, wannan kuwa ya faɗo daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, wato tsakanin 2,000 da 5,000. Da sauri ya canza sai amo ya canza, shi ya sa idan tana zana da'ira kake jin muryar tana hawa tana sauka, domin inji ɗaya yana ƙara gudu a daidai lokacin da ɗayan yake ragewa.

Maganin na asali shi ne sauya direbobin. Kamfanin Trinamic na birnin Hambog a Jamus ya fito da irin su TMC2208 da TMC2209, waɗanda ke cike tsakanin takin har ya zama gida 256, tare da wata dabarar sarrafa wuta da suka sa wa suna StealthChop, mai ba injin wuta a sannu ba tare da fizga ba. Prusa MK3 ta ƙasar Cek ta zo da ɗan'uwansu TMC2130 tun a 2017, kuma kusan duk sababbin firintocin yanzu da irinsu suke fitowa. Ba ka faɗi irin taka ba, amma misali Ender 3 na farko da kamfanin Creality ya fitar a 2018 da A4988 ya zo, daga baya aka yi masa allo mai lamba 4.2.7 mai direbobi marasa ƙara, akwai kuma SKR Mini E3 na kamfanin BigTreeTech da ke zama a gurbinsa. A irin waɗannan na'urori direbobin a like suke da dalma a jikin allo, saboda haka allon gaba ɗaya ake sauyawa.

Idan za ka yi aikin da kanka, ka cire ta daga wuta, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa ko ɗaya, ka manna wa kowace alama, ka kuma kula kada ka juya wayoyin wuta biyu da ke shiga allon. Kada ka taɓa zare wayar inji alhali na'ura tana kunne, domin hakan yana ƙona direba nan take. Manhajar da za ka zuba wa sabon allon kuma dole ta dace da lambarsa da irin firintarka. Akwai wasu 'yan faifan ƙarfe masu roba a tsakiya da ake sawa tsakanin inji da firam, suna rage kukan kuma sun fi allo araha, amma ban cika son su ba a ƙasa mai zafi irin wannan, domin injin yana sauke wani ɓangare na zafinsa ne ta jikin firam, roba kuwa tana yanke masa wannan hanya. Ko da ka sauya allon, shawarata ita ce kada ta yi aiki a ɗakin da mutum uku suke kwana. Ka daidaita lokacinta da lokacin da kuke aji ko masallaci, muddin akwai wanda zai riƙa leƙa ta.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗana ne yake da wannan na'ura a gidanmu da ke Misfala a Makka. Ya riga ya sauya mata wani abu a ciki har ta daina kuka, amma yanzu ya ce ƙarar fankokinta ce take damunsa. Ya sayo wasu ƙananan fankoki da ya ce ba su da ƙara, kuma yana so ya sa ta a cikin kabad ɗin tufafi, ya lulluɓe cikinsa da soson tsohuwar katifa, ya rufe ta kwana tana aiki. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na hana shi, shi kuma yana ganin ban fahimci abin ba ne. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu? Daga wata uwa a Makka.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ke ce kike da gaskiya, kuma ina roƙon ki tsaya a kan hanin da kika yi. Bakin da ke fitar da roba yana aiki ne a zafin da ya kai digiri 200 ko fiye, farantin kuma digiri 60 ko har 100 gwargwadon irin robar, ga wayoyi masu ɗauke da wuta mai yawa suna lanƙwashewa ba tsayawa. Soson katifa yana kama wuta da sauri kuma hayaƙinsa guba ne. Haɗa waɗannan biyu a cikin kabad mai cike da tufafi, a rufe, mutane suna barci, kasada ce da babu wani shirun da ya kai a yi ta dominsa. Abin takaicin ma shi ne soson ba zai biya masa buƙatar ba, domin aikin soso shi ne rage amsa-kuwwa a cikin wuri, ba ya hana ƙara fita. Abin da ke tare ƙarar iska shi ne bango mai nauyi wanda ba shi da kafa.

Ki gaya masa daga gare ni cewa fankokin nan ba ado ba ne. Galibi huɗu ne: ɗaya tana sanyaya robar da ta fito, ɗaya tana sanyaya wuyan ƙarfen da zare ke bi kafin ya isa wurin narkewa, ɗaya tana kan allon lantarki, ɗaya kuma tana cikin akwatin da ke sauya wutar gida zuwa wadda na'ura ke amfani da ita. Ta biyun ita ce aka fi sha'awar sauyawa domin a na'urori da yawa ba ta hutawa muddin akwai wuta, kuma ita ce mafi hatsarin taɓawa ta fuskar aiki. Robar PLA, wadda yawancin masu firinta a gida suke amfani da ita, tana fara laushi tun a wajen digiri 60. Ƙaramar fanka marar ƙara galibi ta yi shiru ne saboda tana juyawa a hankali, wato iskarta ba ta kai ta asali ba. Wanda yake zaune a ƙasa mai sanyi yana iya tsira da hakan, amma a Makka, inda zafin bazara yake haura digiri 40, zafi zai hau wuyan ƙarfen, zare ya yi laushi tun bai isa inda ya kamata ba, ya kumbura ya toshe hanya, a wayi gari na'ura tana ta yawo a iska ba ta fitar da komai. Idan lallai sai ya sauya, hanyar da ta fi ita ce ya sa fanka mafi girma ko mafi kauri, wadda ke ba da iska daidai da ta farko tana juyawa a hankali. Ya kuma duba rubutun da ke bayan kowace fanka, domin firintoci da yawa da bolt 24 suke aiki, alhali da yawa daga cikin fankoki marasa ƙara da ake yi wa kwamfuta na bolt 12 ne, idan aka haɗa su kai tsaye sai su ƙone. Fankar akwatin wuta kuwa kada ya buɗe ta da kansa, domin akwai kafasitoci a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne. Sau da yawa ma ƙura ce take ƙara wa fanka ƙara, kuma ƙurar wannan ƙasa ba sai an faɗa miki ba. Ya riƙe fukafukan da yatsa ya share su da ɗan buroshi kafin ya yanke hukuncin sauyawa.

Akwatin rufe firinta yana da amfani idan an yi shi bisa ƙa'ida, wato da katako mai kauri ko gilashin roba mai kauri, a toshe kafofinsa, a fitar da akwatin wuta da allon lantarki waje domin su sha iska, a kuma sa ma'aunin zafi a ciki. Robar ABS tana son irin wannan ɗumi, sai dai tana fitar da wari da tururin da bai kamata a shaƙa a ɗaki rufaffe ba. PLA kuwa ba ta son akwati rufe ruf, sai an bar ƙofa ko murfi a buɗe, wanda hakan yake mayar da rabin ƙarar da aka tare. Saboda haka ga gida irin naku, abin da na fi gani shi ne a ba ta wani ɗaki da ba a kwana a ciki, wanda sanyin iyakwandishan yake kaiwa, a toshe ƙarƙashin ƙofar da robar nan da ake sawa domin ƙura, a kuma kafa na'urar gano hayaƙi a rufin. Ɗakin saman bene da rana ke duka bai dace ba. Idan za a sauya mata ɗaki a duba soket, domin har yanzu akwai tsofaffin gidaje a Saudiyya masu soket na bolt 127 tare da na 220, kuma wasu firintocin suna da ɗan makunni a jikin akwatin wuta mai rubutun 115 da 230. Idan yana kan 115 aka sa shi a babbar wuta, akwatin zai ƙone. Abu na ƙarshe da za ki tambaye shi, tunda da alama allo ne ya sauya mata, shi ne ko manhajar da ya zuba tana da kariyar da ke kashe wuta idan ma'aunin zafi ya kwance ko ya daina ba da labari daidai. Wasu tsofaffin na'urori masu araha sun fito da wannan kariya a kashe, kuma firintar da ba ta da ita bai kamata a juya mata baya ba ko da rana.

TAMBAYA: Malam, firintata a da ba ta da wata ƙara, amma kwanan nan ta fara wani ƙas-ƙas daga wajen da zare yake shiga, wani lokaci kuma ina jin kamar ana gurza ƙarfe idan kai yana hawa sama. Me zan shimfiɗa mata? Daga wani mai karatu a Riyad.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka shimfiɗa mata komai, domin sabuwar ƙara a na'urar da a da take shiru gyara take nema. Ƙas-ƙas daga wajen shigar zare yana nufin giyar da ke tura shi ta kasa, tana zamewa baya, kuma dalilin bai cika wuce uku ba: nozul, wato bakin da ke fitar da roba, ya fara toshewa, ko zafin da ka saita ya yi wa robar kaɗan, ko bakin ya matse da faranti a hawan farko har roba ta rasa hanyar fita. Ka ƙara digiri 5 zuwa 10 ka saurara, idan bai daina ba ka wanke nozul ko ka sauya shi. Gurzar kuwa daga dogon sukurun da ke ɗaga kai take, wanda ƙura ta haɗu da tsohon giris a jikinsa. Ka goge shi tas da tsumma, ka shafa sabon giris kaɗan, irin na litiyam ko mai PTFE, ka guji feshin kwance tsatsa domin ba ya daɗewa yake bushewa. Tunda ka riga ka ɗauko alanki, ka kashe na'urar ka tura kai da faranti da hannu a hankali ka ji ko akwai inda suke cijewa. Ƙananan tayoyin da ke gudu a jikin firam ana saita su da wani noti mai karkatacciyar huda, a juya shi da sifana har tayar ta daina kaɗawa amma yatsa yana iya juya ta da ɗan ƙarfi, kuma ba a sa musu mai. Bel ya miƙe yadda idan ka fizge shi zai ba da amo mai kauri, ban da ɗaurin da zai wahalar da boris ɗin inji. Ka duba ƙananan sukurori biyu da ke riƙe fuli a sandar inji, ka tabbata ɗaya daga cikinsu ya zauna a kan gefen sandar da aka fere kafin ka ɗaure.